Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Lauya Ta JAMB, Daga Cike Fom Har Zuwa CAPS

Duk shekara da an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin JAMB za ta buɗe sai da fom, to wayata ba ta ƙara hutawa, ƙannena ne, 'ya'yan maƙwabta ne, har da iyayen da ban taɓa gani ba sai dai an ce musu ku je wajen wane ai lauya ne, kuma tambayar dai guda ce, yaro na son karatun lauya ta ina za a fara, maki nawa ake so, wa za a gani. Amsawa ɗaiɗai ba ta isar da saƙon yadda ya kamata, shi ya sa na ce bari in zauna in jero abin tun daga tushe.

Ni sau uku na zauna jarrabawar nan kafin Allah Ya yi, don haka in kana cikin masu jin zafinta na san abin da ke ci maka rai. Amma abin da na gani a kaina da kuma yaran da na raka shi ne, da yawa ba a gaban kwamfuta suka rasa gurbin ba, tun ranar cike fom suka rasa shi ba su sani ba, sai a shafe wata da watanni ana jiran suna ya fito shiru. Saboda haka dan Allah kar ka tsallake matakan farko ka ce kai karatu kawai za ka duƙufa.

1. Fara da takardar sakandarenka

Kafin ka kashe ko sisi ɗauko rizol ɗinka na WAEC ko NECO ka shimfiɗa. Ana son kiredit biyar, kuma a ciki lallai akwai Turanci, sannan yawancin jami'o'i suna neman Adabin Turanci wato Litirecha, da yawa kuma suna ƙarawa da Lissafi. Sauran sai a cike da irin su Gwamnati, Tarihi, darasin addini, Larabci, Hausa ko Ikonomis. In daga makarantar Arabiyya ka fito da takardar NBAIS, ka tabbatar jami'ar da kake so tana karɓarta a wannan kos ɗin.

Litirechan nan shi ne ramin da 'yan Arewa muka fi faɗawa. Makarantar da na yi ba mu da malaminsa kwata-kwata, babu wanda ya taɓa ce mana mai son lauya sai da shi, na gama da kiredit ɗina masu kyau ina murna, ashe ɗayan da ake nema ne babu. Shekarata ta farko a nan ta tafi. In har yanzu kana aji biyar ko shida ka je ka sa a yi maka rijistarsa ko da a waje za ka nemi mai koya maka, in kuma ka riga ka gama to ka yanki fom ɗin jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, wadda ake cewa GCE, ka cike gurbin.

Gargaɗi: C6 shi ne ƙarshen kiredit, D7 da E8 ba sa shiga lissafi komai rarrashin da za a yi. Sannan haɗa rizol biyu, akasari ana yarda da zama biyu, amma akwai jami'o'in da a karatun lauya zama ɗaya suke so, wannan ma sai ka duba.

2. NIN da lambar furofayil

Tun 2021 ba a rijistar JAMB sai da NIN. Za ka rubuta NIN, ka bar tazara, ka sa lambobinka goma sha ɗaya, ka tura zuwa 55019 ko 66019, za su cire kuɗin saƙo su turo maka lambar furofayil. Ka sa kati na gaske a layin, garaɓasa ba ta yi.

Layin da ka tura da shi ya zama naka na kanka. Ba na babanka da yayarka ta taɓa yin rijista da shi ba, ba na mai shagon caji ba. Da shi za ka duba sakamako, ta shi saƙonni za su riƙa zuwa, in ya ɓata ko aka rufe shi ka sayi wahala da kuɗinka.

Gargaɗi: sunan da ke kan NIN shi JAMB za ta jawo, ba a gyara shi a wajen rijista. In NIN ta ce Mohammed WAEC ta ce Muhammad, ko can A'isha nan Aishatu, ko an juya sunan mahaifi ya koma gaba, ko ranar haihuwa ta saɓa, ka je ofishin NIMC a gyara tun kafin ka tura saƙon. Mutane suna raina wannan, amma harkar lauya harkar takarda ce, saɓanin harafi ɗaya sai ya bi ka har ranar da za a rantsar da kai.

3. Zaɓen jami'a, nan ne ake buƙatar natsuwa

Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, tsangayar shari'a ba ta ɗaukar ɗalibai yadda ta ga dama. Hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa tana yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, saboda adadin ne za a karɓa daga gare ta a makarantar horas da lauyoyi bayan an gama digiri. Wata jami'ar kasonta hamsin ne kacal, manyan tsofaffin ne ke da ɗari biyu da wani abu, alhali masu nema dubbai ne. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci maki mai kyau, abokinsa da bai kai shi ba ya samu wani kos ɗin, shi kuwa shiru, ba lallai wani ne ya yi masa mugunta ba, kujerun ne ba su da yawa.

Kuma hukumar ba ta wasa da wannan ƙa'ida. A zangon 2025/2026 JAMB ta sanar da cewa ba za ta ba da gurbin karatun lauya a jami'o'i takwas ba saboda dakatarwar da hukumar ta yi musu, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba da makarantar 'yan sanda ta Wudil. Don haka kafin ka rubuta sunan jami'a ka bincika a shekarar da kake ciki tana da izinin ɗauka ko babu. Haka kuma kar wani ya ruɗe ka da karatun lauya na yamma ko na ƙarshen mako ko na daga gida, hukumar digirin cikakken lokaci ta sani.

Sai maganar yadda jami'o'in tarayya ke raba gurbi: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne ko daga ina suke, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan jerin. Ma'ana ɗan Jigawa da ya zaɓi Bayero yana da ƙofa fiye da ɗaya, in ya tsallaka ya zaɓi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta ya rufe wa kansa ƙofa guda da hannunsa. Jami'ar jiharku kuwa, in tana da tsangayar shari'a mai izini, kar ka raina ta, sau da yawa nan ne rabonka ya fi kusa.

Ka kuma san irin digirin da ake yi a wajen. A Bayero da Danfodiyo ana haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, a ABU Zariya, can Kongo, akwai ɓangaren dokar zamani akwai na Shari'a. Wanda ya taso da Larabci da Fiƙihu ya duba wannan da kyau don abin da ya riga ya sani zai yi masa rana.

Gargaɗi: a karatun lauya zaɓin farko shi ne zaɓi. Jami'ar da ka sa ta biyu da wuya ta waiwaye ka, waɗanda suka sa ta a farko ma sun yi mata yawa.

4. Cike fom

A cibiyar CBT, wato wajen jarrabawa da kwamfuta, da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rijista, ba a kafe ɗin unguwa ba. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200 ba tare da jarrabawar gwaji ba, 8,700 in da gwaji, masu shiga aji biyu kai tsaye kuma 5,700. Farashin na iya canzawa, ka duba sanarwar shekararka, ka kuma ware kuɗin mota da na firintin. Sai ka cika shekara 16 kafin a ba ka gurbi, wannan ma a sani.

Darussa huɗu za ka zaɓa. Turanci dole ne ga kowa, ukun kuma daga ɓangaren Arts ko na zamantakewa. Haɗin da ya fi tsira a mafi yawan wurare shi ne Turanci, Litirecha, Gwamnati ko Tarihi, sai darasin addini. Mai neman ɓangaren Shari'a kuma Larabci ko darasin addinin Musulunci kan shigo cikin sharaɗi. Amma kar ka tsaya a maganata, ka buɗe IBASS a shafin JAMB, nan ne kundin sharuɗɗan kowace jami'a yake, ka nemo taka ka karanta da idonka har ƙananan bayanan da ke gefe.

Gargaɗi: kar ka miƙa takarda ka koma benci kana danna waya. Na taɓa raka wata ƙanwata, layi ya yi tsawo, rana ta take, yaron da ke shigar da bayanai yana ta sauri, sai da aka miƙo mata silif muna bakin ƙofa na karɓa na duba na ga Ikonomis a inda ta ce Litirecha. Da mun wuce gida shikenan, za ta iya cin maki ɗari uku ma a ce haɗinta bai dace ba. Ka tsaya a kansa, ka karanta allon, suna, jiha, ƙaramar hukuma, kos, darussa, kafin ya danna aikawa. Imel ɗin ma naka za ka bayar wanda ka san fasuwod ɗinsa.

Gargaɗi ga 'yan mata: ku haƙura da lalle a yatsu tun makonni kafin rijista har a gama jarrabawa, ko da bikin 'yar uwa ne ya taso. Ana ɗaukar zanen yatsu goma, lalle yana hana na'urar karantawa, JAMB da kanta ta yi wannan jan kunnen, kuma in yatsa bai hau ba ranar jarrabawa ba a shiga. Kar kuma a ce za a goge shi da sinadari, fatar yake cinyewa abin ya ƙara lalacewa.

5. Shirin jarrabawa

Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. In ka raba za ka ga daƙiƙa 40 ke gare ka a kan kowace tambaya.

A nan ne raina yake ɓaci har gobe. Aikin lauya karanta doguwar takarda ne a tsanake, da rubutu, da iya kafa hujja a gaban alƙali, amma jarrabawar da ke tsaron ƙofar ba ta sa ka rubuta ko jimla ɗaya, A ko B ko C ko D ne da gudu. Na san yaran da in suka buɗe baki a muhawarar makaranta sai kowa ya yi tsit, yaran da suka haddace Alƙur'ani suka sauke littattafan Fiƙihu, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa zama gaban kwamfuta, minti goma na farko a rawar hannu yake tafiya, a haɗa su tsere da ɗan birnin da ya shekara yana gwaji a laftof ɗin gidansu a ce wai ma'auni ɗaya ne. Kuma in ka ci ba ka samu gurbi ba, sakamakon shekara ɗaya yake yi ya mutu, baɗi ka sake biya ka sake zama. A 2025 cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, daga baya shugaban JAMB na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka ce ɗalibai 379,997 su sake zama. Ka tuna kwanakin da waɗannan yaran suka yi a gida ana musu kallon waɗanda ba su yi karatu ba.

To amma ƙofar ke nan, babu wata ta baya, don haka ga yadda ake tunkararta.

Ɗauko manhajar kowane darasi a IBASS ka bi ta kanu-kanu, kar ka karanta littafi daga bango zuwa bango. Ka yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, kuma a kwamfuta, ko awa ɗaya a mako ka biya a wata cibiya ka zauna. Ka yi rijistar jarrabawar gwaji, bambancin naira 1,500 ɗin nan ya fi kuɗin lesin ɗin wata amfani, kuma tun wajen cike fom ake nuna ana so.

A Turanci akwai littafin labari da ake bayarwa lokacin rijista ana fitar da tambayoyi daga ciki, ka karanta na shekararka don ana canza shi, na yayanka ba lallai ya yi maka ba. Sai ɓangaren furuci, wasula da inda ake danna murya a kalma, wannan yana kayar da mu sosai don yadda muka ji malamanmu suna faɗa ba haka yake a ƙamus ba, ka nemi ƙamus mai sauti a waya ka riƙa saurare. A Gwamnati ka riƙe tsarin mulkin da aka yi ɗaya bayan ɗaya da abin da kowanne ya kawo, Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, sannan na 1960, 1963, 1979 da 1999. Darasin addini kuma kar ka ce ai na sani tun Islamiyya, ka sani da Hausa da Larabci amma da Turanci za a tambaye ka.

Maki nawa? Wanda ake sanarwa na ƙasa baki ɗaya, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ba ruwansa da mai neman lauya. A nawa ganin, in manyan jami'o'in tarayya kake hari, ka sa 250 a ranka a matsayin ƙasa, ka yi ta neman sama da haka.

6. Ranar jarrabawa

Kwanaki kafin ranar za a ce a sake fitar da silif, a nan za ka ga cibiya da rana da lokaci. Ka je ka ga wajen da ƙafarka tun ana gobe ko jibi. Waya, agogo, kalkuleta, duk a bar su a gida.

Ba sai ka iya linzamin kwamfuta ba, A, B, C, D na amsa ne, N gaba, P baya, S miƙawa. Ka nisanci S sai ka gama. Fara da darasin da ka fi ƙarfi, tambayar da ta tsaya maka ka wuce ka dawo, kuma kar ka bar ko ɗaya babu amsa tunda ba a rage maki don an yi kuskure. In kwamfutarka ta mutu ɗaga hannu nan take a sani, kar ka zauna kana jira ta farfaɗo.

Gargaɗi: duk wanda ya ce zai ƙara maka maki ko yana da amsoshi ɗan damfara ne, kuma in aka kama ka da maguɗi ka ɓata sunanka a sana'ar da ake bincikar halin mutum kafin a shigar da shi.

7. Bayan sakamako

Ka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 da layin nan dai. Daga nan ka sa ido a shafin jami'arka don fom ɗin tantancewa, wasu jarrabawa suke yi wasu kuma haɗa makin JAMB da na sakandare kawai suke, kuɗin da gwamnati ta ƙayyade naira 2,000 ne ban da cajin banki. Inda ake haɗawa da na sakandare, A1 da B2 suna ɗaga mutum sama da mai C6 ko da makinsu na JAMB ɗaya.

Abin da ake mantawa: in da jiran sakamako ka yi rijista, da zarar WAEC ko NECO ta fito ka koma cibiyar CBT a ɗora maka a CAPS, wato shafin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, sannan ka shiga da kanka ka ga ya hau. Ɗorawa a shafin jami'a daban, na JAMB daban. Wanda babu rizol ɗinsa a CAPS ba a ma sa shi a layi.

Gargaɗi: in an ba ka gurbi akwai wa'adin karɓa, kar ka yi sanya. In kuma jami'a ta ce za ta mai da kai wani kos, Tarihi ko Kimiyyar Siyasa ko Nazarin Addini, ka yi shawara kafin ka danna, don in ka karɓa maganar lauya ta rufe a wannan shekarar, kuma zancen ka shiga daga baya a canza maka kar ka dogara da shi, kason nan da na faɗa shi ke hanawa.

8. In makin bai kai ba

Da ka ga makinka ba zai ja a inda ka zaɓa ba, kar ka zauna jiran tsammani, akwai canjin jami'a a kan naira 2,500, ka koma inda gasar ba ta kai nan zafi ba tun ba su rufe tantancewa ba.

Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye, ta IJMB da ke ƙarƙashin ABU, ko JUPEB, duka biyun karatun share fagen shiga jami'a ne, ko difloma ta shari'a irin wadda ake yi a kwalejin Aminu Kano da muke kira Legal, da ta A.D. Rufa'i a Misau, da ta Mohammed Goni a Maiduguri. Ta nan shekara huɗu za ka yi a jami'a maimakon biyar. Sai dai kujerun wannan hanyar sun fi ƙaranci, sai da sakamako mai ƙarfi sosai, kuma kafin ka biya kuɗin difloma ka je tsangayar da kake hari ka tambaya ko suna karɓarta. Abin da na fi ba yara shawara shi ne su riƙe biyun, ana difloma ko IJMB ana sake zama JAMB, shekarar ba ta tafi a banza ba. Ni ma a zama na uku haka na yi.

9. Ajiye takardunka

Bayan digiri akwai shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, hedikwatarta na Bwari a Abuja, da rassa a Legas, Inugu, Bagauda ta Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, daga nan sai jarrabawar ƙarshe da rantsarwa. A hanyar nan za a yi ta tambayarka takardun da ka samu yau. Don haka ka sayi fayil ɗin roba tun yanzu, ka sa silif ɗin rijista, asalin sakamakon JAMB mai hoto, takardar adimishan ta JAMB da ta jami'a, rizol ɗin sakandare, takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, ka ɗauki hotonsu ka tura wa imel ɗinka, sannan ka duba sunanka ya shiga jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar tun kana aji ɗaya. Layin wayar nan kuma ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci kar kamfani ya rufe shi.